Zaman da muka yi wajen sikolog ni da jaririyata a Maraɗi

Ɗiyata ta fari cikin damanar 2023 na haife ta, daidai lokacin da aka rufe boda bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, duk wanda ke Maraɗi lokacin ya san yadda garin ya koma, wutar da ke zo mana daga Najeriya an yanke, kaya sun yi tsada, maigidana da abincinshi ke kan hanyar Jibiya da Katsina ya koma zaman majalisa yana lissafin bashi. Na je wankan gida Tibiri wajen Gwaggona da ta riƙe ni tun ina ƙarama, na sha kunun kanwa na sha ruwan zafi har arba'in, na dawo ɗakina a gidan haya cikin unguwar Zariya nan Maraɗi. To daga dawowar nan ne abubuwa suka fara kwaɓewa.

Yarinya sunan uwar mijina aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi. Da magariba ta yi sai ta fara kuka, ba kukan yunwa ba, wani irin kuka mai tsini har muryarta ta dishe, in na sa mata nono ta kama ta saki ta banƙare tana ture ni da ƙafa. Ni kuma wallahi ba na jin komai a raina sai gajiya, ina mata wanka ina mata wanki ina shafa mata mai, duk abin da ake yi wa jariri ina yi, amma kamar ɗiyar maƙwabta aka ba ni ajiya. Matan gidan kowa da tashi, wata ta ce baki ne, wata ta ce nonona ne ba kyau a ba ta bauri, wata ta ce iska ce ta jego a yi mini hayaƙi. An yi tofi an karɓo rubutu, ban raina ko ɗaya ba, amma ranar awo in aka ɗora ta kan kilo layin nauyinta da ke cikin karne, ɗan littafin awo, ya ƙi hawa.

Sajfam ɗin, wato ungozomar asibiti, da ke mana awo ce ta fara juyo da maganar kaina. An gwada yarinya ba zazzaɓin cizon sauro, ba gudawa, ƙirjinta lafiya, sai ta rufe karnen ta ce "ke fa, kina barci? abinci na shiga?" Ta jawo wata takarda mai tambayoyi 10 tana karanta mini tana fassarawa da Hausa, ko ina iya dariya kamar da, ko ina ɗora wa kaina laifi, ko tsoro na kama ni ba dalili, ko na taɓa tunanin cutar da kaina. Daga baya na san a Edimbura aka tsara takardar a 1987 kuma kusan duk duniya da ita ake tantance baƙin cikin jego. Da muka gama ta ce akwai wata madam sikolog, masaniyar halayyar ɗan adam mai maganin damuwa ta hanyar magana, da ke aiki da wani poroje na yara masu tamowa, tana karɓar uwa da jariri tare, in je. Na ce Madam ni ba mahaukaciya ba ce. Ta ce ba wanda ya ce, kuma ba ke kaɗai za a gani ba, ku biyu ne. Maigida da kyar ya bari, shi damuwarshi kar dangi su ji.

Ni malamar lakkol ce, na yi tarminal, kuma duk wanda ya yi darasin filo a lise ya ji sunan Freud, to abin da na tafi da shi cikin kaina ke nan, wani dogon benci da mutum zai kwanta likita na zaune ta bayan kanshi yana shiru, kai kana faɗin duk abin da ya zo maka a baki har mafarkinka, sau uku sau huɗu a sati, shekara da shekaru. Haka sikanaliz, wato wannan hanyar magani ta Freud, take tun da aka fara ta a Biyana wajen 1900. Ina shiga biron sai na ga tabarma da ƴar katifa da wasu kofunan roba masu kala. Madam Bahaushiya ce, ta girme ni da kaɗan, ta ce "ƙanwata sauke ta nan tsakaninmu." Ta duƙa ta gaida Ummi kafin ma ta tambaye ni komai, ta faɗa mata ko ita wace ce, ta ce mata mamanki ta kawo ki saboda kina kuka da dare kuma ita ma ta gaji, za mu duba mu gani. Dariya ta kusa kufce mini, yarinyar da ko zama ba ta fara ba ake wa bayani kamar wata hajiya. Amma fa Ummi ta tsaya tana kallonta ƙur. Madam ta ce wata likitar yara a Faransa, Françoise Dolto, wadda ta buɗe wani gidan iyaye da ƙananan yara a Pari a 1979, ita ta nace a dinga gaya wa jarirai gaskiyar abin da ke faruwa da su. Ni har yanzu ban yarda jariri na gane kalmomi ba, murya da fuska yake karantawa, amma na lura duk maganar da ta yi wa Ummi ni take shiga.

Ba ta rubuta ordonas ba. Tambayoyi ne a hankali, yaya cikin ya zo, wa ya raka ni haihuwa, me na fara ji da aka miƙo mini ita, wa ta yi kama da shi a idona. In na yi shiru ba ta cike shirun. Kullum muka je wajen awa guda muke, sau ɗaya a sati, kuma rabin hankalinta na kan yarinya, in Ummi ta juya kai ko ta yi wani sauti a daidai wata magana sai ta ce "kin ga abin da ta yi yanzu?"

Akwai ranar da ta nemi izinina ta ɗauke mu bidiyo da waya ina ba da nono, minti kaɗan, da alƙawarin za ta goge a gabana in mun kalla, kuma ta goge. Abin da na gani bai mini daɗi ba. Ummi na cinyata, hannuna ɗaya na tallabe da kanta daidai yadda aka koya mana, ƙafata na jijjiga ta da sauri kamar mai taka keken ɗinki, fuskata kuma na wajen ƙofa. Yarinya ta saki nono ta ɗago ido tana neman fuskata, ta yi ɗan sauti, ta miƙo hannu ta taɓa wuyan rigata, ni ko gezau. Ta sake gwadawa. Sai ta kau da kai ta cusa hannu a baki, daga nan banƙarewa da kuka. Duk abin bai kai minti ɗaya ba kuma ni a lokacin ban san an yi ba, na rantse da a ce tambayata aka yi cewa zan yi haka kawai ta fara rigima. Madam ba ta ce kin yi laifi ba, ta mayar da bidiyon baya zuwa inda Ummi ta ɗago ido ta ce "wa take nema nan?" Ta ba ni labarin gwajin da Edward Tronick ya yi a Amurka a shekarun 1970, a sa uwa ta daskarar da fuska na ɗan lokaci gaban jaririnta, yaron zai yi ta ƙoƙarin jawo ta da murmushi da ihu, in ya gaza ya juya kai ya rikice.

Ni kuma na kare kaina da abin da kowace Bahaushiya za ta kare kanta da shi, na ce Madam ɗiyar fari ce, kunya ce, ga shi kuma sunan surukata gare ta, so kike in zauna ina mata gwalangwaso a ce ba ni da ta ido? Na zaci za ta ce al'adar banza ce irin yadda wasu ƴan boko ke yi. Ba ta ce ba. Ta ce "ke ma ƴar fari ce ko? Lokacin da Innarki ke kunyarki wa ke miki wasa?" Na ce ai gidanmu cike yake, ga kaka ga gwaggwanni ga matan baffanni, ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ta ce "to ita Ummi wa ke mata?" Gidan haya ne, kowa da ƙofarshi, maigida ba ya shigowa sai dare. Ta ƙara da cewa kunya dai a gaban mutane ake yinta, in kun rage ku biyu a ɗaki an rufe ƙofa kunyar wa kike ji? Wannan tambaya ta bi ni har gida. Alkunyar ɗan fari an gina ta ne a gidan da hannuwa suka yi yawa, uwa ta ja baya kaka ta matso, yaro bai rasa komai ba. Mu yanzu mun ɗauko kunyar mun taho da ita birni mun baro kakar a ƙauye.

Amma ba nan gizo ke saƙa ba, don ko da na gane haka, in na ce bari in kalli idonta sai in ji ƙirjina ya yi nauyi in rasa dalili. A nan ne na tambayi Madam kai tsaye wai wannan abin da muke yi shi ne sikanaliz ɗin da muka karanta ko wani abu ne daban. Ta ce ɗiyarta ce amma ba ita ba ce. Abin da aka gada shi ne yarda da cewa abin da mutum ya binne tun yana yaro ba ya mutuwa, yana dawowa ta wata ƙofa ba da saninshi ba. A wajen Freud majinyaci kan likitan yake sauke tsohon kayan, ya dinga jin haushinshi ko tsoronshi kamar ubanshi ne, likita ya yi aiki da wannan. In akwai jariri kuwa, kan jaririn ake saukewa, shi ya sa dole a zo da shi, in ba ya ɗakin uwa labari kawai za ta ba da, in yana nan abin a gaban ido yake faruwa. Sannan babba na iya shekara biyar yana tonon kanshi, jariri ba zai jira ba, wata shida a wajenshi rabin duniya ne. Don haka aka ajiye bencin, aka rage tsawon, aka yarda likita ya ba da shawara in ta kama, har ya taimaka da maganar abinci da kuɗin mota, abin da ƴan sikanaliz na asali ba su yi.

Wadda ta fi kafa wannan hanya wata Ba'amurkiya ce, Selma Fraiberg, a jihar Mishigan. Ita da abokan aikinta gida-gida suke bi wajen iyaye matalauta, a zauna a kicin ana magana jariri na gefe. A 1975 suka fitar da rubutun da ya yi suna a kan fatalwowin da ke ɗakin jariri, wato mutanen da suka wuce a rayuwar iyaye da ke dawowa su tsaya tsakanin uwa da ɗanta. Sun ba da labarin wata uwa da ɗiyarta ke tsala kuka a gabanta ita kamar ba ta ji, suka tambayi kansu me ya hana ta ji, suka gano ita ma ba wanda ya taɓa jin nata kukan, kuma sai da aka saurare ta sannan ta fara ɗaukar ɗiyar. Abin da ya fi tsaya mini shi ne sun ce tuna abin da ya faru bai isa ba, da yawa suna tunawa tsaf har su ba da labari, abin da ya ɓace musu shi ne zafin da suka ji lokacin.

Ni kuwa labarina na yaye kowa a danginmu ya san shi, ni da kaina nake ba da shi ana dariya. An kai ni Tibiri yaye wajen Gwaggo, ita Allah bai ba ta haihuwa ba, Baba ya ce a bar mata ni, shi ke nan ba a dawo da ni ba. Gwaggo ta riƙe ni riƙon da ko uwa sai haka. Inna kan zo da salla ko biki, ba ta kiran sunana, "ke" ce ko "waccan". Akwai wata salla ina ƴar shekara shida haka, na faɗi na fasa gwiwa a bakin rijiya, na sheƙo da gudu na faɗa jikinta, ta janye zanenta ta ce je ki wajen uwarki. Na ba Madam wannan labarin ina murmushi kamar kullum. Ba ta yi dariya ba, ta ce "yarinyar nan da jini a gwiwa, da ta juya ina ta nufa?" Daidai nan Ummi ta fara kuka a kan katifa, ni kuma wani abu ya taso mini daga ciki, na yi kukan da ban yi ba ko ranar haihuwa, har majina. Madam ta juya wajen yarinya ta ce "Ummi, mamanki na kuka, ba ke kika sa ta ba, wannan kukan ya girme ki." Ban san lokacin da na ɗauke ta na manna ta a ƙirji ba, muka yi ta yi mu biyu har ta yi shiru ta bar ni.

Kar wata ta ɗauka daga ranar komai ya warware, a daren ma ta yi kukanta na magariba. Sannu a hankali ne. Madam ta sa ni in dinga ware ɗan lokaci kullum in shimfiɗa zane in kwanta kusa da ita ba waya ba aiki, in bar ta ta ja gaba ni in bi. Ta kuma tona ɗaya ɓangaren, ta ce ba fatalwa kaɗai ke ɗaki ba, wa ya taɓa lallashinki? Sai ga Gwaggo ta dawo mini, yadda take goya ni tana daka tana mini kirari, na tsinci kaina ina yi wa Ummi irin kirarin da ban san na haddace ba. Ta faɗa mini maganar Donald Winnicott, likitan yara da ya yi wajen shekara 40 a wani asibitin yara a Landan kuma ɗan sikanaliz, wanda ya ce babu wani abu wai shi jariri shi kaɗai, duk inda ka ga jariri akwai mai renonshi, kuma yaro ba uwa marar kuskure yake buƙata ba, wadda ta isa dai. Wannan ta sauke mini kaya, don ni da nake gyaran kaye da jan biki kullum, kaina ma maki nake ba.

Maigida ya zo sau ɗaya, da kyar da jan ƙafa, ya zauna a kujera ya ƙi tabarma. Madam ta ce "Malam, kai me kake gani in ka shigo da dare?" Ya yi shiru can ya ce shi ya zaci ba na son yarinyar ne saboda sunan mahaifiyarshi, kuma shi kunyar shigowa hannu rabbana yake shi ya sa yake kai dare. Ban taɓa jin wannan daga bakinshi ba. Daga ranar ya fara karɓarta bayan isha'i in samu barci.

Akwai inda ni da Madam muka saɓa. Ita ma ta so ta ɗaura abin a kan sunan, wai ko ina jin tsoron yarinyar ne kamar yadda nake tsoron surukata. Na ce a'a, ni da Hajiya lafiya lau muke, ta ce to, ba ta sake tayarwa ba. Da ta nace da na daina zuwa, don matsalar masu wannan ilimi ke nan in ba su yi hankali ba, komai ka faɗa sai su ce akwai wani abu a ƙarƙashi. Kuma ba komai ne yarinta ba jama'a. Rashin barci, rashin kuɗin cefane, zafi ba wuta ba fanka, waɗannan ba Inna ta jawo su ba, kuma da aka buɗe boda a Maris 2024 maigida ya koma hanya ni kaina na ji sauƙin da ba zaman biro ya kawo shi ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mace 1 cikin 5 na shiga irin wannan hali bayan haihuwa, ina za a samu sikolog da zai zauna awa guda da kowace a Dakoro ko Mayahi? Ita hukumar a 2015 wani tsari daban ta fitar, wanda aka fara gwadawa a ƙauyukan Pakistan, ma'aikatan lafiya na unguwa ke yinshi, ba tonon yarinta, gyaran tunani da dabarun yau da kullum ne kawai. Madam da kanta ta gaya mini da aka tattara binciken da aka yi kan irin namu zaman, an ga yana ƙara shaƙuwar yaro da uwa amma ba a nuna ya fi sauran hanyoyin ba. Ni dai shi ya dace da ciwona. Wadda kuma ta kai ga jin muryoyi, ko kwana da kwanaki ba barci sam, ko tunanin illata kanta ko jaririn, wannan ba maganar jiran randebu ba ce, asibiti za a kai ta ranar, akwai magani.

Da Ummi ta fara rarrafe kilo ya hau, kukan magariba ya zama na lokaci-lokaci, Madam ta fara tazara tsakanin zuwanmu daga sati zuwa wata har ta sallame mu, ta yi wa Ummi bankwana da bayani kamar yadda ta tarbe ta. Na je wajen Inna daga baya na ɗan taɓo maganar yayena, ba da faɗa ba. Ta ce "an ce in bayar na bayar, wa ke tambayar yarinya ƴar sha bakwai?" ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe. Ban ƙara ba.

Rigimar da ta rage ita ce ta yayen Ummi bayan azumin 2025. Hajiya ta aiko a kawo mata takwararta ta yaye ta kamar yadda aka saba, ni na ce ba inda za ta kwana ba ni. An yi ta kai ruwa rana, har aka ce boko ya ɓata ni, maigida na tsakiya yana ba kowa haƙuri. Daga ƙarshe Gwaggo ce ta raba gardamar, ta ce tunda uwar ta ƙi a kai ɗiya to kakar ta taso, Hajiya ta zo ta yi mana sati biyu a Zariya, Ummi na kwana bayanta ni ina ɗaki na kusa, da rana in dama mata kunu in ba ta da hannuna.